Yadda ake zaɓen ƙaramar bindigar ɓoyewa a jiki ga mazauna Amurka

Kafin komai bari in raba gardama, wannan bayanin na 'yan'uwanmu ne da ke zaune a Amurka, masu shago, masu jan tirela, masu tashi daga aiki ƙarfe biyun dare a Houston ko Atlanta ko Columbus ko Greensboro, waɗanda doka ta ba su damar riƙe bindiga. In a Najeriya kake karantawa toh ka karanta don sani kawai, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ita maganar shekara goma ake yi a gidan yari.

Yawancin mutane da ido suke zaɓen bindiga, mutum ya kalli bidiyo a YouTube ya ga wata 'yar mitsitsiya mai kyau ya ce ai ita nake so tunda ita za ta fi ɓoyuwa. Gaskiya ne za ta ɓoyu, amma mafi ƙanƙanta ita ce mafi wuyar harbawa daidai, wannan shi ne abin da mai shago ba lallai ya gaya maka ba. Takardunka da hannunka da irin kayan da kake sawa su ne za su zaɓa maka, ido na ƙarshe ne.

Fara da takarda, ba da ƙarfe ba

Ɗan ƙasa da mai girin kad duk dokar tarayya ta yarda su sayi bindiga. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta yawon buɗe ido ko ta aiki na wucin gadi dokar ta hana shi, sai a wasu 'yan yanayi kamar mai lasisin farauta, wanda kuma ba shi da takarda sam ko riƙewa a hannu laifi ne babba. Mai jiran amsar neman mafaka ya ga lauyan shige da fice tukuna kafin ya taka ƙofar shagon bindiga, kar ya ji ta bakin wani a majalisa wai ai wane ma ya saya. Kuma kai mai girin kad ka riƙe wannan da kyau: in kotu ta same ka da laifin bindiga, ko ƙarami ne a ganinka, dalili ne da doka ta yarda a mayar da kai gida saboda shi. Ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gidansa, kai kuma jirgi ne zai iya biyo baya.

Dillali mai lasisi ba zai sayar maka da ƙaramar bindiga ba sai ka kai shekara 21, kuma a jihar da kake zaune za ka karɓe ta, in ka saya ta intanet dillalin garinku za a aiko wa. Za ka cika fom mai lamba 4473, a tura sunanka FBI su bincika ta tsarin NICS wanda yake aiki tun 1998, wani lokaci minti kaɗan ne wani lokaci a ce ka jira, mu masu suna Muhammad da Abubakar da Ibrahim jira ba abin mamaki ba ne don sunayen suna haɗuwa da na wasu. Fom ɗin yana tambayar ko an taɓa samunka da babban laifi, ko da laifin dukan iyali, ko kotu ta ba da umarnin ka nisanci matarka, ko kana shan ƙwaya, wiwi na ciki ko da jiharku ta halatta ta. Ƙarya a fom ɗin nan ita kanta babban laifi ce. Sannan dan Allah kar ka saya wa wani da sunanka, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya, tun dokar 2022 wannan zai iya kai mutum shekara 15 a kurkuku, kunya ba ta biyan lauya.

Sai dokar jiha, nan ne ake shan bamban. Jihohi 29 sun yarda a ɗauki bindiga a ɓoye ba tare da famit ba, Texas tun 1 ga Satumba 2021, Georgia da Ohio a 2022, Florida a Yulin 2023. New York kuma wata duniya ce daban, ko bayan da Kotun Ƙoli ta rushe musu sharaɗin "sai ka kawo dalili na musamman" a shari'ar Bruen a Yunin 2022, sai suka fito da sabuwar doka: awa 16 a aji, awa 2 a filin harbi, da doguwar jerin wuraren da aka hana shiga da ita har da jirgin ƙasa na cikin gari da Times Square. Mutanenmu na Bronx wajen 'yan sandan birni za su nemi lasisi, kuɗin fom kaɗai dala 340 ban da na ɗaukar yatsu, ga jira na watanni, alhali na Texas dala 40 ne da aji na awa 4 zuwa 6. Maryland da Illinois su ma awa 16 suke nema.

Dokar jiha tana shiga har cikin zaɓin bindigar kanta. New York da New Jersey da California ba a yarda magazin, wato gidan da ake jera harsasai, ya wuce harsashi 10 ba, kenan in can kake babu amfanin ka sayi babba don tana cin 15 tunda mai 10 za a ba ka. Ni shawarata ko jiharku ba ta neman famit ka je ka yi shi, saboda ajin da za ka zauna, saboda wasu jihohin suna karɓarsa in ka shiga, kuma dokar tarayya ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 daga makaranta sai ga mai lasisin jihar, a cikin gari kuwa wane titi za ka bi ba ka gifta makaranta ba? Masu tirela ku kula sosai, New York da New Jersey ba sa karɓar famit na wata jiha, a New York bindiga mai harsashi ba lasisi shekara uku da rabi ne mafi ƙaranci. Masu Uber da Lyft kuma ƙa'idar kamfanonin ta hana direba ɗaukar bindiga, ko doka ta yarda za su iya rufe maka akawun.

Girma, wanda shi ne asalin maganar

Kusan gida uku ne. Akwai mai ɗan girma irin Glock 19 wadda ta fito tun 1988, tana cin harsashi 15, bututunta inci 4, nauyinta wajen giram 670 ba harsashi, in an cika ta ta haura 850. Daɗin harbi gare ta, hannu yana cika da ita, amma a jikin siririn mutum da 'yar shet a zafin Houston tana nunawa, kuma da yamma ƙugunka zai gaya maka ka ɗauki kaya.

Akwai na tsakiya siraran nan da suka cika kasuwa tun da SIG Sauer ta fito da P365 a 2018, kaurinta wajen inci ɗaya, nauyi wajen giram 500, amma tana cin 10, a lokacin abin mamaki ne don Glock 43 mai kusan girmanta 6 take ci. Daga nan kowa ya biyo, Springfield Hellcat a 2019 mai 11, Glock 43X ita ma 2019 mai 10 da ƙota mai ɗan tsawo, Smith & Wesson Shield Plus a 2021 mai 10 ko 13, sai P365XL mai 12 da bututu inci 3.7. Mafi yawan mutane a cikin waɗannan za su samu tasu, kuma in an tambaye ni, masu ɗan tsawon ƙota irin 43X da P365XL sun fi wa sabon hannu, saboda ɗan ƙaramin yatsanka yana samun wurin zama.

Sai 'yan aljihu, Ruger LCP ta 2008 mai cin 6 wadda ba ta kai giram 300 ba, da LCP Max mai 10, da libarba mai ɗaki biyar irin Smith & Wesson 642 ko Ruger LCR. Su ne suke jan ido, su ne kuma ake yawan miƙa wa mata wai don ƙanana ne, wanda kuskure ne babba. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake dawowa hannunka, in bindiga tana da nauyi ita take shanye wani kaso, in ba ta da shi tafinka ne zai sha, kamar bambancin shiga ramin titi a Keke Napep da shiga shi a jif. Ga ƙota gajera yatsu biyu kawai ke kamawa, ga saiti na gaba da na baya sun matso kusa da juna yadda 'yar karkata kaɗan za ta kai harsashi wani wuri. Bindigar da take ba ka ciwo ba za ka je koyo da ita ba, wadda ba ka koyo da ita kuwa nauyi ce kawai a ƙugu.

Wani abin da mutane ba sa lura, ba bututu ne ke tona asiri ba, ƙota ce. Bututu cikin wando yake shigewa, ko ya ƙara rabin inci babu mai gani, har ma yana taimakawa bindiga ta zauna daram ba ta kifo waje ba. Ƙota ce take turo riga in ka sunkuya. Don haka in kana auna biyu, tsawon ƙota da kauri za ka duba.

Harsashi kuma kar mu ja ta da tsawo, 9mm ka ɗauka. Shi ya fi araha, ko'ina akwai shi, shurinsa da sauƙi, FBI ma da suka bar shi bayan musayar wutar Miami ta 1986 sun dawo gare shi wajen 2015 da aka inganta harsasan. Wanda hannunsa ba ƙarfi ko yake da ciwon gaɓoɓi ya duba .380 amma a bindiga mai ɗan jiki irin Shield EZ wadda aka yi ta musamman don saman ta, wato ƙarfen da ake ja baya harsashi ya shiga, ya ja da sauƙi. Su .40 da .45 a ƙaramar bindiga wahala ce kawai za ka saya da kuɗinka. Libarba mai .38 Special tana da nata, ba ta da tarkace, ba ruwanta da yadda ka riƙe, amma kunamarta tauri gare ta, ta ninka ta Glock wadda take wajen kilo biyu da rabi, harbi biyar ne kuma sake cikawa sai an koya sosai.

Maganar sefti na ɗan yatsa, wato ɗan makullin da ke hana bindiga tashi, wasu suna da shi wasu babu, Glock ba ta da shi a waje nata a ciki suke da kan kunama, P365 da Shield kuwa ana samun su iri biyu. Duk wanda hankalinka ya fi kwanciya da shi ɗauka, sharaɗin kawai in ka ɗauki mai sefti to duk zaro ta da za ka yi a koyo sai babban yatsa ya sauke shi har ya zama jiki.

A cikin shago

Ka shiga ka ce sabo ne kai, ba abin kunya ba ne, sun fi son haka da mai nuna ya sani. Mai shago na kirki zai cire magazin ya ja saman baya ya nuna maka ɗakin harsashi fayau kafin ya miƙo, kai ma ka leƙa da idonka ko da yanzun nan ya duba. Bakinta ƙasa ko bangon da ya nuna maka, yatsa a miƙe a gefe ba cikin kunama ba. Dokoki huɗun nan da malamin harbi Jeff Cooper ya yaɗa tun a nan suke farawa: kowace bindiga ɗauke ta a mai harsashi, kar bakinta ya kalli abin da ba ka son lalatawa, yatsa waje sai ka yi saiti ka yanke shawara, ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa.

Toh ka kama ta can sama yadda tsakanin babban yatsa da manuni zai manne ƙarƙashin wutsiyarta, ka miƙa hannu ka duba, bututun ya yi layi ɗaya da damtsenka? Yanzu ɗora tsokar gaban manuni kan kunama, in sai ka murɗa hannu gefe kafin ka kai to ta yi maka girma, in yatsan ya zarce har gaɓa ta biyu ta yi maka ƙanƙanta. Ƙaramin yatsa yana kan ƙota ko yana lilo a iska? Kawo ɗayan hannun ka rufe, akwai fili a jikin ƙota da tafinsa zai taɓa ko duk yatsun dama sun cinye? Danna maɓallin sakin magazin ka ga ko babban yatsa yana kaiwa. Ja saman baya har ƙarshe ka kulle shi a buɗe, in ya gagara kar ka yanke hukunci tukuna, ka kama da tafi gaba ɗaya ta sama kusa da ƙirji, hannun dama ya tura gaba na hagu ya riƙe, yawancin masu cewa ba su da ƙarfi dabara ce ba a nuna musu ba. Sai ka nemi izini ka ja kunama ba harsashi, idonka kan saitin gaba, in ya yi tsalle ko ya nutse lokacin da ta ɗana ka gwada wata ka ga bambanci.

Duk wannan tacewa ce kawai don ka rage su zuwa uku. Kar ka biya ranar.

Ka harba kafin ka saya

Filayen koyon harbi da yawa suna ba da haya, kuɗi kaɗan ne a kan kowace bindiga amma harsashinsu za ka saya. Wasu ba sa ba wa wanda ya zo shi kaɗai ba shi da tasa, saboda gudun masu zuwa su kashe kansu, don haka ka tafi da wani ko ka biya malami na awa ɗaya, wannan ɗin ma ya fi. Abin toshe kunne da tabarau dole ne, a cikin ɗaki ka haɗa na cusawa da na kifawa. Mai ciki ta haƙura sai ta sauka, saboda ƙara da dalmar da ke tashi a iska, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu.

Manna farar takarda ko farantin takarda a yadi 5 zuwa 7. Kowace bindiga harbi biyar a hankali, ka ajiye, ka rubuta sunanta a jikin takardar, sannan biyar da ɗan sauri, duk lokacin da saiti ya dawo ka sake. Na hankalin kusan duk za su yi kyau, na saurin ne ke faɗin gaskiya: wacce take dawowa inda ka bar ta, wacce take zamewa sai ka gyara riƙo bayan kowane harbi, wacce saman ta yake cizon fatar hannunka, wacce ta sa ka fara runtse ido kafin ta tashi. In da hannun dama kake harbi kuma ramukan suna taruwa ƙasa ta hagu, ba bindigar ba ce, kai ne kake danna ta ƙasa don tsoron shuri, amma ka lura a wacce abin ya fi yawa. Jera takardun uku a tebur ka duba. Sau da yawa wadda mutum ya zo yana so ba ita ke cin jarabawa ba, toh ka bi takarda.

In matarka ko ƙanwarka ce za ta riƙe, ita za ta yi duk wannan da hannunta, ba kai za ka zaɓo ka kawo mata ba. Akwai irin Walther PDP F da aka rage wa ƙota da nisan kunama don ƙananan hannu, ta gwada ta cikin ukun.

Wanda idonsa ya fara gajiya, saitin gaba yana yi masa dishi-dishi, ya sayi wadda aka yanka wa wurin ɗora jan ɗigo, wato ɗan gilashin saiti mai nuna ɗigon haske, a sama ko da ba yanzu zai ɗora ba, ƙarin kuɗin kaɗan ne.

Kube, belet, da kayanmu

Nan ne namu ya bambanta da na masu bidiyo, su jins da tishet suke nunawa, mu kuwa akwai Juma'a akwai suna akwai ɗaurin aure. Kube dai sharaɗinsa ba ya canzawa: mai tauri irin na robar Kydex wanda aka ƙera don wannan bindigar takamaimai, ya rufe kunama ruf ta kowane gefe, in ka kifa shi ba ta faɗo ba, bakinsa kuma ya tsaya a buɗe bayan ka zare. Na yadi mai laushi na dala goma wanda aka rubuta yana shiga kowace bindiga ka bar musu kayansu, araha ba ta ado. Belet ma na musamman ne mai tauri, na gayu lanƙwashewa yake ƙotar ta kifo waje.

Wuri biyu aka fi sawa, gaba ta gefen cibiya ko gefen ƙugu ɗan baya kaɗan. Na gaba ya fi ɓoyuwa kuma ya fi wa mai zama a mota sauƙin kaiwa, amma mai tumbi zai sha matsi, kuma bakinta yana kallon cinya inda babbar jijiya take, kuskure a nan ba ya ba da dama ta biyu. Na gefe ya fi daɗin tsayuwa amma da ka sunkuya ɗaukar kaya a shago ƙota ta turo riga. Tsakiyar baya kan ƙashin gadon baya kam a'a, faɗuwa ɗaya a ƙanƙara ta ishe ka.

Kaftani yana ɓoye komai, ko Glock 19 ce ba mai gani, matsalar wandonsa ne, zariya ba ta ɗaukar rabin kilo, za ta ja wandon ƙasa kuma in ka zo zarewa kuben ya biyo bindigar. Mafita ko tela ya sa maka madaukan belet a wandon, wanda shi ya fi sauƙi, ko ka sayi irin abin ɗaurawa a jiki kai tsaye kamar PHLster Enigma wanda ba ruwansa da wando. Sannan tsawon rigar, kaftani mai kaiwa gwiwa sai hannun hagu ya tattaro shi sama sosai kafin dama ya kai, jallabiya kuwa ta fi wuya, wasu suna sa tela ya buɗe aljihun gefe ya zarce ciki. Aljihun kaftani shi kansa ba wurin bindiga ba ne, lilo yake yana dukan cinya kowa na gani. Duk wanda ka zaɓa ka gwada shi a gida da bindiga fayau, harsasai a wani ɗaki daban, ka zauna, ka tashi, ka yi ruku'u ka yi sujada gaban madubi ko iyalinka ta duba maka ta baya, a sujada ne riga ke zamewa gaba na sahun baya ya ga abin da bai kamata ba.

Masallaci kuma sai ka san doka ka kuma tambayi shugabanni. A Texas an yarda sai in wurin ya sa sanarwar hani, a Georgia an hana sai in shugabannin wurin sun yarda, a New York wurin ibada yana cikin wuraren da aka hana sai masu aikin tsaronsa. Wajen alwala da bayi kar ka zare ta ka ɗora a kan wani abu, nan ake mantawa da ita yaro ya tsinta, in dole ne a cire to a cire ta tare da kubenta.

Mayar da ita kube ya fi zarewa haɗari, yawancin masu harbin ƙafarsu a nan ne. Bakin riga ko igiyar jaket ko zariya ta shiga gaban kunama, mutum ya tura da ƙarfi, shikenan. Ba a sauri a nan, ka janye rigar da hannun hagu, ka kalli bakin kuben da ido, ka sa a hankali, in ka ji ta tokare ka tsaya. 'Yan'uwa mata masu son sawa a jaka, jaka ita ce abin da ɓarawo ke fara fizgewa kuma ita yara ke buɗewa neman alawa, in ba makawa to jaka mai aljihu na musamman da kube a ciki, kuma ba ta sauka daga kafaɗa.

Lissafin kuɗi da abin da ke biyo baya

Waɗannan bindigogin yawanci tsakanin dala 400 ne da 650, akwai masu sauƙi irin Taurus da Canik ƙasa da haka ko kusa. Amma kar ka kashe duk kuɗin a kanta, kusan rabi ne kawai, ga kube, ga belet, ga ƙarin magazin biyu, ga akwatin kullewa, ga aji, ga harsashin koyo. Gara ta dala 400 da horo da ta dala 900 a durowa.

Harsashi iri biyu za ka saya, mai dunƙulallen kai na koyo mai araha, da mai rami a kai na ɗauka irin Federal HST ko Speer Gold Dot ko Hornady Critical Defense, wanda yake buɗewa ya tsaya maimakon ya ratsa ya sami na baya, ma'aunin FBI shi ne ya shiga inci 12 zuwa 18 a gwajinsu. New Jersey tana da takura a kan mai ramin, ka duba kafin ka saya. Sabuwar bindiga kar ka yarda da ita sai ta ci kamar 200 na koyo da kwali ɗaya ko biyu na wanda za ka riƙa ɗauka ba ta sarƙe ba, da kowane magazin. In tana sarƙewa ba wa malami ya harba, ƙananan nan in wuyan hannu ya yi sako-sako suna yi, in shi ma ta yi masa to kamfani za a mayar wa. Kuma harsashin da kake sawa a ɗakin harsashi kana cirewa kullum kansa yana nutsewa ciki a hankali, in ka ga ya fi sauran gajarta ka ware shi.

A gida, ko tana jikinka ko tana cikin akwati a kulle, babu na uku, ba ƙarƙashin filo ba ba saman wadrob ba, gidajenmu yara ne ke shiga da fita na maƙwabta ma har da su. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a Amurka, kuma fiye da rabin mutuwar bindiga a ƙasar mutane ne suka kashe kansu. In akwai mai fama da damuwa a gidan, ko kai ɗin ne zaman ƙasar ya yi maka nauyi, ko rigima ta yi zafi tsakaninka da iyali, fitar da ita daga gidan tukuna, wasu shagunan suna karɓar ajiya, lambar 988 ta taimakon masu damuwa da tunanin kashe kai kuma kyauta ce dare da rana. Mai saurin fushi a titi shi ma ya yi wa kansa adalci ya bar ta.

Ajin da za ka shiga ka matsa wa malamin ya yi maka bayanin yaushe doka ta yarda a harba a jiharku, ba don an zage ka ba, ba don an ɗauki kaya an gudu ba, yawanci sai barazanar mutuwa ko mummunan rauni a take. Texas da Georgia da Florida ba su wajabta maka ja da baya ba, New York ta wajabta in kana da hanyar tsira a wajen gidanka. Ko nuna ta kawai don tsoratarwa laifi ne a wurare da yawa. Gidan waya, kotu, gine-ginen tarayya, bayan shingen bincike a filin jirgi duk ba a shiga da ita, a jirgi sai cikin jakar da za a auna, ba harsashi a ciki, a akwati mai tauri a kulle, ka kuma faɗa a kanta.

Sai tsayarwar 'yan sanda, wadda mu baƙaƙe masu wani harshe a baki ba za mu ɗauke ta da wasa ba. Philando Castile yana da famit, ya faɗa wa ɗan sandan da bakinsa cewa yana da bindiga, aka harbe shi cikin motarsa a Minnesota a Yulin 2016. Amadou Diallo ɗan Gini ko bindigar ma ba shi da ita, walat ya ciro a ƙofar gidansu a Bronx a 1999 aka yi masa harbi 41. Saboda haka lasisin tuƙi da inshora da famit kar su zauna a aljihun da ke kusa da kube, sa su a abin kare rana na saman gilashin mota ko wani wuri a fili. In an tsayar da kai kashe mota, sauke gilas, kunna fitilar ciki in dare ne, hannu biyu kan sitiyari. North Carolina da Michigan dole ne ka faɗa da kanka tun farko, Ohio sai in an tambaye ka, ka san na jiharku. Ka ce kana da famit kuma tana jikinka a wuri kaza, kar ka nuna da hannu, ka tambaye shi yadda yake so ka yi, kuma duk abin da za ka ɗauko ka faɗa tukuna ka jira ya ce toh.